A Sawun Fuskokin Wasan Rumawa, Daga Rum Zuwa Napoli

A tsakiyar birnin Rum, taku kaɗan daga kasuwar Campo de' Fiori, akwai wani lungu mai suna Via di Grotta Pinta wanda ya ƙi miƙewa. Yana tafe yana karkata, gidajen da ke bakinsa na bin karkatar, har mai tafiya ya farga cewa rabin da'ira yake zagawa. Ba ganganci magina suka yi ba. A kan harsashin gidan wasan kwaikwayon Pompey suka ɗora gidajen, wato gidan wasa na farko da aka gina da dutse a Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Inda dubban 'yan kallo ke zama a da, yau tagogi ne da babura a jingine. Wasu gidajen abinci na unguwar, in baƙo ya nemi alfarma, sukan sauka da shi ƙasa su nuna masa tsofaffin bangayen da ke ɗauke da ginin har yanzu.

Matafiyin da wannan labari ya bi sawunsa ba gini ne ya kawo shi ba. Abin da ɗan wasa ke sawa a ka kafin ya hau dandamali yake nema: fuskar wasa, wadda ke rufe kai gaba ɗaya, da gashinta a jiki, da baki a wangame. Tun daga gida kuma ya san ba zai riƙe ta a hannu ba. Da ƙyallen lilin da aka ƙandare da danƙo ake yin ta, ko da ɓawon itace, ko itace marar nauyi, duk abubuwan da ƙasa ke cinyewa cikin 'yan shekaru. Ko guda daga cikin waɗanda aka yi wasa da su a dandamalin Rum ba ta kawo yau ba. Abin da ya saura kwaikwayonsu ne: na dutsen marmara da aka ƙawata gine-gine da su, na gasasshen yumɓu, na jikin fitilu, na zanen bango, da 'yan ƙanana da aka sassaƙa a kan dutsen zobe. A bayan waɗannan kuma sai littattafan da masana na ƙarni na 18 suka buga, suka tattara waɗannan kwaikwayo a takarda tun kafin su watsu cikin duniya. Littattafan su ne maƙasudin tafiyar.

Tafiyar minti goma daga lungun sai gidan wasan Marcellus, wanda Sarki Augustus ya kammala. Shi yana nan tsaye, hawa biyu na ƙofofi masu baka, a samansu kuma wani gidan manya da aka ɗora a ƙarni na 16, wanda har yau mutane ke kwana a cikinsa. A da akwai manyan fuskokin marmara a saman ƙofofin. Yanzu ido ba ya ganin ko ɗaya a wurin.

A kewayen Pantheon da dandalin Navona ne tsofaffin ɗakunan karatu na birnin suka taru. Akwai Angelica, wanda Angelo Rocca ya kafa a 1604, yana cikin na farko-farko a Turai da aka buɗe wa kowa da kowa. Akwai Casanatense, wanda ya buɗe ƙofa a 1701. A lungunan da ke kewaye da su kuma akwai shagunan dillalan tsofaffin littattafai, waɗanda sai an danna ƙararrawa ake buɗe wa mutum. A ɗaya daga cikinsu wani dattijo ya saurari abin da matafiyin ke so, ya shige ciki, ya fito da littafi mai farin bangon fata, girmansa bai wuce na babban ƙamus ba. Ya aza shi a kan wani matashi mai laushi, ya ce, "Signore, a buɗe shi a hankali, kada a danne ƙashin bayansa." Bai ba da safar hannu ba. Masu wannan sana'a sun fi yarda da wankakken hannu busasshe, domin safa na dakushe yatsu har a yage gefen takarda ba a sani ba.

Sunan littafin Le maschere sceniche e le figure comiche d'antichi Romani, wato fuskokin dandamali da siffofin 'yan barkwanci na Rumawan da. An buga shi a Rum a 1736, a maɗaba'ar Antonio de' Rossi, da harshen Italiyanci, ɗauke da hotuna fiye da 80 masu cin shafi guda. A 1750 aka fitar da shi da Latin domin masanan sauran ƙasashen Turai, waɗanda Latin ne harshen karatunsu. Sunan da ke jikinsa Francesco de' Ficoroni.

Ficoroni mutumin wani ƙaramin gari ne da ke kudu maso gabashin Rum, wanda a da ake kira Lugnano, yanzu Labico. Rayuwarsa kaf a cikin kayan da ya yi ta. Yana tono, yana saye, yana sayarwa, yana kuma yi wa baƙi jagora. A zamaninsa al'ada ce 'ya'yan manyan Ingila da Faransa da Jamus su zo Italiya su ƙarasa tarbiyya da ganin kufan Rumawa, shi kuwa yana cikin waɗanda ake ɗauka haya su zaga da su. Wani alƙali Bafaranshe, Charles de Brosses, da ya zauna a Rum tsakanin 1739 da 1740, ya ambace shi a wasiƙunsa a matsayin tsoho mai nauyin ji wanda ba ya gajiya da magana. Bakinsa kuma bai tsaya ga baƙi ba: a 1709 ya buga raddi ga babban masanin Faransa Bernard de Montfaucon, yana gyara masa kurakurai a kan abin da ya rubuta game da kayan tarihin Rum.

Abin da ya fi burge mai karatu a aikinsa shi ne irin abubuwan da ya zaɓa. Sauran masana na bin manyan gumaka da fadoji, shi yana tsintar abin da ake takawa a wuce. A 1732 ya yi littafi a kan layar zinariya da 'ya'yan manyan Rumawa ke ratayawa a wuya. A 1734 ya yi a kan ƙasusuwan caca da kayan wasa. A 1740 ya yi a kan 'yan hatimai da alamomin dalma. Littafin fuskoki ya faɗo a tsakiyar wannan jeri, lokacin da mai shi ya haura shekara 70. Wanda ke son ganin abin da ya fi ɗaukaka sunansa sai ya je gidan tarihi na Villa Giulia a arewacin birnin, inda aka ajiye wani akwatin tagulla mai siffar ganga da aka tono a Palestrina a 1738, an zane jikinsa da labarin jaruman jirgin Argo. Ficoroni ya mallake shi, ya kuma bayar da shi kyauta ga gidan tarihin Kircher. Har yau da sunansa ake kiran akwatin. Ya rasu a 1747.

Kafin ido ya kai ga hotunan, yatsa ne ke fara karatu. Takardar na da kauri da ɗan kaushi, domin da tsummokaran lilin aka yi ta, aka jiƙa, aka kirɓa, aka tace a kan rariyar waya, takarda ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗaga ta ga haske sai layukan wayar su bayyana. Wanda ya saba da tsofaffin littattafan malamai na Kano ko Borno ba zai ji baƙunci ba, don da yawansu, musamman na ƙarni na 19, a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewa maso gabashin ƙasar, fatake su biyo da ita ta Tarabulus da Masar su tsallako Sahara. Sana'ar ɗaya ce.

Hotunan kuma ba tare da rubutun aka buga su ba. Rubutu da haruffan dalma ake jera shi a danna. Hoto kuwa a kan farantin jan ƙarfe ake yinsa: mai sassaƙa ya tsaga layuka da tsinin ƙarfe, ko ya shafe farantin da kakin zuma, ya zana da allura, ya tsoma shi a ruwan asid ya cinye inda allurar ta bi. Sai a cusa tawada cikin tsagar, a goge saman tas, a ɗora damshin takarda, a tura su tsakanin manyan gangunan matsi. Ƙarfin matsin kan bar shaida, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, wanda dillalai ke shafawa da yatsa su tabbatar bugun asali ne. Kowane hoto da haka aka yi shi, ɗaya-ɗaya, ga kowane kwafi. Jan ƙarfe kuma yana da laushi, yana cinyewa da yawan matsi, shi ya sa bugun farko-farko ya fi baƙi da kaifin layi. Akwai wani tarko da mai nazari ya kamata ya sani: in mai sassaƙa bai juya zanensa ba tun a farantin, dama kan koma hagu a takarda.

Sai fuskokin. Shafi bayan shafi suna kallon mai karatu, wasu su kaɗai, wasu uku ko huɗu a jere. Ga ta wasan alhini, gashinta ya tashi sama ya yi tozo a kan goshi, gira a karye, baki a buɗe cikin firgici. Ga tsoho mai tsinin gemu. Ga budurwa mai santsin kumatu da ƙaramin baki, wadda namiji ne ke sa ta, domin a wasannin da ake rufe fuska maza ke fitowa a matsayin mata. Ga kuma wadda ta fi kowacce yawa a kayan Rumawa, fuskar bawa: goshi a murtuke, idanu a zazzare, hanci a baje, gemu da leɓe sun haɗe sun zama wani faffaɗan mazurari. Tsakanin fuskokin akwai 'yan gumakan 'yan wasa, masu tumbi, masu doro, wani ya tallafe haɓa yana ƙulla dabara.

Waɗannan siffofi ba ra'ayin mai sassaƙa ba ne, tsari ne da kowa ya sani. Wani malami mai suna Julius Pollux, mutumin Naukratis ta ƙasar Masar, ya rubuta ƙamus da Girkanci a ƙarni na 2 Miladiyya, ya lissafa fuskoki 44 na wasan barkwanci irin wanda Rumawa suka gada daga Girkawa: tsofaffi, samari, bayi, tsofaffin mata, 'yan mata, kowanne da launin fatarsa da irin gashinsa. Quintilian, malamin balaga na Rum, ya ambaci fuskar uba wadda girarta ɗaya ke ɗage, ɗayar a kwance, ɗan wasa ya juya wa jama'a gefen fushi ko gefen sanyi gwargwadon abin da yake faɗa. A gidan wasan da ke cin dubban mutane, wanda ke can kujerar ƙarshe ba zai ga motsin ido ba, amma da fuskar ta leƙo ya san wane ne ya shigo da abin da za a jira daga gare shi. Duk wanda ya taɓa ganin yaran tashe sun fito da tsoho da gemu, an manna wa yaro auduga a haɓa, ya san yadda kama kaɗai ke gabatar da mutum kafin ya buɗe baki.

Ba duk Rumawa ne suka ƙaunaci abin ba. Cicero, babban mai balagar Rum, ya ruwaito cewa dattawan zamaninsa ba su cika yabon Roscius ba, duk da shi ne gwanin 'yan wasansu, idan ya rufe fuska, domin a ganinsu a ido ne magana take. Akwai kuma wasannin da ba a rufe fuska a cikinsu sam, har mata na fitowa. Masu rawar labari, waɗanda ba sa magana, tasu fuskar baki a rufe take.

Wajibi ne a faɗi inda littafin ya gaza. Bayanan da ke biye da hotunan sun cika hasashe. Sau da yawa ana ɗaukar fuskar ado ta jikin gini ko ta dutsen zobe a yi ta ƙoƙarin liƙa mata suna daga tsofaffin marubuta, ko ta dace ko ba ta dace ba. Ba a rarrabe na Girkawa da na Rumawa yadda ake yi yanzu. Ƙaramin abu mai girman farce da babban dutse kan fito da girma kusan ɗaya a shafi. Masanan wancan ƙarni kuma suna da wani buri a zuci. Duk shekara suna ganin titin Corso ya cika da masu rufe fuska a bikin Carnival, suna ganin Pulcinella, ɗan barkwancin Napoli mai doro da ƙugiyar hanci, sai suka so su mai da shi jikan Maccus, wawan tsofaffin wasannin garin Atella. Kamar tana nan, amma babu wata shaida da ta haɗa su a tsawon ƙarnonin da ke tsakani.

Duk da haka darajar littafin ba ta ragu ba, don ba a bayanin take ba. Abubuwan da Ficoroni ya sa aka zana, nasa da na abokansa da na manyan gidajen Rum, sun bi hannun masu saye sun watse. Wasu na gidajen tarihi a wasu ƙasashe, wasu na hannun masu kuɗi, wasu sun ɓace. Littafin ne kaɗai wurin da suke tare har yanzu, kuma shi ne shaidar cewa a 1736 abu kaza yana Rum. Dillali ne ya yi shi, kuma littafi mai kyawun hoto kan ƙara wa kaya daraja a idon mai saye. Amma dillalin ya yi abin da da yawa daga abokan sana'arsa ba su yi ba: ya bar rubutacciyar shaida kafin kayan su fita daga hannu.

A shekarar nan ta 1736 wani littafin ya fito a garin Urbino, wanda ya bi wata hanyar daban zuwa ga fuskokin. Babban littafi ne mai faɗi, wasannin Terence da Latin, ga fassarar Italiyanci ta Niccolò Forteguerri a gefe. Hotunansa ba daga dutse ko yumɓu aka kwafo su ba. Daga wani rubutun hannu ne da ke ɗakin karatun fadar Fafaroma.

Terence ɗan Afirka ne. A Kartaj aka haife shi, kusa da birnin Tunis na yau, aka kawo shi Rum yana bawa, ubangidansa ya ilimantar da shi ya 'yanta shi. Wasanni 6 ya rubuta tsakanin shekara ta 166 da ta 160 kafin Miladiyya, dukkansu kuma sun kawo yau, domin Turai ta yi ƙarnoni tana koyar da yara Latin da su. Bai sha da daɗi a hannun 'yan kallo ba. Wasansa Hecyra, wato suruka, sau biyu yana watsewa: karon farko jama'a suka karkata ga 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya, karo na biyu jita-jitar za a yi wasan takobi ta hargitsa wurin. Sai a karo na uku aka saurare shi har ƙarshe.

Rubutun hannun da ke fadar Fafaroma, mai lamba Vat. lat. 3868, an yi shi ne a kan fata wajen shekara ta 825, a daular da Sarki Sharlaman ya bari. Magatakardan ya sa sunansa, Hrodgarius, ɗaya daga cikin masu zanen ma ya sa nasa, Adelricus. Sun kwafo shi daga wani tsohon littafi na wajen shekara ta 400, wanda shi ya ɓace. A farkonsa ga hoton Terence, 'yan wasa biyu masu rufaffiyar fuska na riƙe da shi. Kafin a shiga wasa kuma sai a zana wata 'yar ma'ajiya mai ginshiƙai da kantoci, an jera fuskokin 'yan wasan a kai, kowa da tasa, suna jiran a ɗauka. Daga nan kowane fage da hotonsa: bawa da guntuwar riga da gyale a kafaɗa yana nuni da yatsa, tsoho ya dogara sanda, saurayi ya sunkuyar da kai. Ba a miƙa wa mai yawon buɗe ido wannan littafi, sai manazarci mai takardar shaida, amma an ɗauki hotonsa shafi-shafi an sa a intanet kyauta. Tun kafin bugun Urbino, wani Bajamushe, Christoph Heinrich von Berger, ya fitar da littafi a kan fuskokin wasa a 1723 da hotunan da suka samo asali daga wannan rubutun. Idan aka lissafa, mai buɗe bugun Urbino yana kallon sassaƙar ƙarni na 18, ta zanen ƙarni na 9, na zanen ƙarni na 5, na wasan da aka rubuta fiye da shekara 500 kafin nan. Kowane hannu ya ƙara nasa, ya rage nasa. Amma faffaɗan bakin bawan nan ya tsallake duka, ya iso yadda yake a jikin fitilun yumɓu.

Bayan takarda sai dutse. A gidan tarihin Capitolini, wanda aka buɗe wa jama'a a 1734, shekara biyu kafin littattafan nan, akwai wani hoto da aka haɗa da ƙananan tsakuwoyi masu launi: fuskoki biyu a jingine a kan dakali, ta mace mai dogon gashi da ta namiji mai kambun ganye, ga sarewa biyu a bayansu. A tudun Aventino aka tono shi a 1824, don haka Ficoroni bai gan shi ba. A nan matafiyin ya fara ganin abin da baƙar tawada ba ta iya bayarwa, wato launi: jan leɓe, fatsin kumatu, duhun ramin baki.

Daga tashar Porta San Paolo jirgin ƙasa na kai mutum Ostia Antica cikin kusan rabin awa. Nan ce tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum, a bakin kogin Tiber. Gidan wasanta tun zamanin Augustus yake, Agrippa, na hannun damansa, ya gina, aka faɗaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 2. Ana hawa matakalarsa a zauna, har yanzu ma ana wasanni a ciki da bazara. A bayan dandamalin an ɗora manyan fuskokin marmara a jere, waɗanda a da ado ne na ginin. Matafiyin ya hau can sama ya juyo. Daga wannan nisa ƙananan layukan da mai sassaƙa ya wahala a kansu sun ɓace, saura ramukan ido biyu da baki da tudun gira, kuma su kaɗai sun isa a gane fushi daga firgici. A shafin littafi fuskar kan yi kama da abin tsoro da aka zuzuta. A mazauninta sai a ga gwargwadon nisan aka yi ta.

Jirgi mai sauri na kai wa Napoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma a can ne labarin ya sauya. A 1709 masu haƙa rijiya a garin Resina, a gindin dutsen Vesuvius, suka ci karo da marmara. Ba su sani ba, a kan gidan wasan Herculaneum suka sauka, garin da aman wutar dutsen ya binne a shekara ta 79 Miladiyya tare da Pompeii. A 1738 Sarki Charles na Napoli ya sa aka fara tono ta ramuka a ƙarƙashin ƙasa, a 1748 aka fara na Pompeii. Wato shekara biyu kacal bayan fitowar littafin Ficoroni ƙasa ta fara fito da fuskoki masu launi, a jikin bangon da aka zana su, a ɗakunan da masu su suka bar su.

Sarkin ya riƙe abin gam. An kwashe kayan zuwa fadarsa ta Portici, an hana baƙi zana abin da suka gani. Sai ya kafa majalisar masana a 1755, ita ta fitar da Le Antichità di Ercolano Esposte, manyan juzu'ai 8 tsakanin 1757 da 1792, biyar daga ciki a kan zanen bango, inda fagagen wasa da fuskoki suka samu shafukansu. Da farko ba a sayar da su a kasuwa, kyauta sarki ke yi da su ga wanda ya ga dama. Ta fuskar kyawun bugu sun fi littafin Ficoroni nesa ba kusa ba. Ta fuskar isa ga mai karatu kuwa, na tsohon jagoran baƙi ya riga su shiga hannun mutane.

A babban gidan tarihin Napoli ne aka tara asalin kayan yanzu. Akwai wasu 'yan hotunan tsakuwa guda biyu da aka samo a Pompeii a shekarun 1760, masu ɗauke da sunan wanda ya yi su, Dioskourides mutumin Samos. A ɗaya, makaɗa masu rufaffiyar fuska na rawa a bakin wata ƙofa, da ganga da kuge da sarewa. A ɗayan, mata uku na zaune kewaye da ɗan tebur, tsohuwar cikinsu na riƙe da ƙoƙo. Masana sun gano cewa fagage ne daga wasannin Menander, Bagirken da Terence ya ɗauko yawancin labaransa daga wurinsa. Akwai kuma hoton da aka ciro daga wani gida a Pompeii da ake kira na Mawaƙin Alhini: 'yan wasa na shiri, wani dattijo na zaune a tsakiyarsu, fuskoki a ajiye kusa da ƙafarsa, wani matashi ya ture tasa sama a kan goshi yana sauraro. Wannan shi ne mafi kusa da mutum zai kai ga ganin yadda ake sa ta da cire ta. Gidan wasan Herculaneum kansa har yanzu yana binne fiye da mita 20 a ƙarƙashin garin Ercolano, ta ramukan ƙarni na 18 ake shiga in an buɗe shi. Mai sauran lokaci da ƙarfin hawa jirgin ruwa na iya ƙarasawa tsibirin Lipari, inda Luigi Bernabò Brea da Madeleine Cavalier suka tono ɗaruruwan 'yan ƙananan fuskokin yumɓu na zamanin Girkawa daga kaburbura, aka gwada su da lissafin Pollux.

A Napoli da Rum duka, a shagunan hotuna da rumfunan 'yan gwanjo, matafiyin ya riƙa ganin abu guda: tsofaffin hotunan sassaƙa, ɗai-ɗai, an sa su a firam, ga ramukan zare a gefe inda aka ɓalle su daga ɗinki. Lissafin mai sauƙi ne. Littafi mai hoto 80, in aka farke shi aka sayar da shafi-shafi ga masu adon falo, yakan kawo kuɗi fiye da cikakkensa. Shi ya sa dillali na gari, kafin ya faɗi farashi, yakan ƙirga hotunan ɗaya bayan ɗaya a gaban mai saye, ya nuna inda danshi ya yi tabo, inda tsutsa ta huda, inda aka yi gyara. Fitar da irin wannan littafi daga Italiya ma sai an bi ta hannun hukuma.

Farke shi ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Hoton da aka raba da bayaninsa ya rasa sunan wanda ya mallaki abin da inda aka same shi, wato ya rasa abin da ya sa aka buga shi. Wanda ke sha'awar waɗannan fuskoki ba ya bukatar sayen ɓallen shafi: littafin Ficoroni da rubutun Terence na fadar Fafaroma duka suna intanet, cikakku, kyauta. Mai niyyar zuwa Italiya ya fara duba su tun daga gida, sannan ya ware wa Ostia yini guda, gidan tarihin Napoli kuma yini biyu.